Romo a Tukunyar Baba Joshi

Ni ɗan mahauta ne, gara in faɗa tun yanzu, don duk abin da ya same ni a London daga nan ya samo tushe. A gidanmu na Kano, in aka ce wane ba shi da lafiya, kafin a tambayi me ke damunsa an ɗora romo. Mai jego romo, mai zazzaɓi romo, wanda ya faɗo daga babur ma romo. Wake kuwa, mahaifina cewa yake abincin wanda ya yi faɗa da mahauci ne. Da wannan ilimin na sauka London a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da kamfanin ɗab'in da nake yi wa aiki ya tura ni kwas na shekara biyu in koyo sababbin injina.

Zangona na farko Old Kent Road. A wani shago da ake sayar da garin kwaki da manja na haɗu da wani ɗan ƙasarmu, ya rungume ni kamar uwarmu ɗaya, ya ce yana da ɗakin haya. Ya kai ni na ga ɗakin da idona, har da gado da labule, ya karɓi kuɗin kamu, ya miƙa mini mukulli. Washegari na iso da akwatina, mukulli ya ƙi shiga ƙofa. Matar da ta buɗe ta ce shekararta bakwai a gidan, mutumin da nake kwatantawa kuwa gyaran taga ya zo yi mata jiya tana wurin aiki. Na tsaya a bakin titi cikin yayyafi, bas-bas suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa sanin namiji zai tsaya da akwati yana share hawaye, jama'a su yi ta gifta shi babu mai cewa "lafiya?" ba, sai ranar.

Zango na biyu Catford, wurin Mamman, wani ma'aikacin gwamnati daga Zariya da shi ma kwas ya kawo shi. A masallaci muka haɗu. Mutumin kirki ne Mamman, aibinsa ɗaya, bakinsa ba shi da linzami. Abin da ke cikinsa shi ke kan harshensa. Wata uku ina kwana a kan kafet ɗinsa, kaina kusa da hita mai ɗumama ɗakin, ƙafata a bakin ƙofa. Rannan muna shan shayi ya sosa ƙeya.

"Malam Lawal, wallahi ba korarka nake ba. Landlord ne ya yi complain, ya ce in ya sake ganin takalmi biyu a ƙofa zai yi cancel ɗin agreement ɗina."

Na ce na gode, ai ya yi abin da ɗan'uwa ma sai haka.

A tagar wani shagon jarida a Edmonton na ga kati an rubuta da hannu: ɗaki ɗaya, banda giya, banda taba, banda nama. Biyun farko ba su dame ni ba. Na ukun na tsaya ina karantawa kamar sammaci, amma sanyi ba ya barin mutum ya yi dogon zaɓi.

Wani tsoho Ba'indiye ne ya buɗe mini, siriri, da tabarau mai kauri da rigar sanyi biyu a jikinsa. Sunansa Joshi, ni kuwa tun ranar nake ce masa Baba. An haife shi a Indiya, ya yi rabin rayuwarsa yana da kanti a Kampala, har aka kori 'yan Indiya daga can suka taho da akwati biyu da tukunya ɗaya. Matarsa Kamla ta rasu wata takwas kafin zuwana. Da Turanci muke magana, nasa da karin Indiya, nawa da karin Kano, muna fahimtar juna sarai.

"Daga Afirka kake? Shigo, ɗana, shigo, kada sanyin nan ya kashe ka a ƙofata," in ji shi. Da muka zauna sai ya ɗaga yatsa. "Doka ɗaya ce mai ƙarfi. Abin da ya taɓa numfashi ba ya shiga tukunyar gidan nan, ko ƙwai. Shekarata saba'in da huɗu ban taɓa kai nama baki ba. Ubana haka, kakana haka."

Na ce a raina, ikon Allah, ɗan mahauta a gidan da ba a cin nama. Da mahaifina ya ji, da ya ce asiri aka yi mini.

Amma a duk London ba wanda ya riƙe ni kamar tsohon nan. A makona na farko ya je ya tambayi maƙwabcinsa Baturke inda alƙibla take, ya zo ya yi mini alama da fensir a bango. Wata rana na sayo biskit, ya karɓe fakitin, ya kusantar da shi ga tabarau yana karanta ƙananan rubutun nan na baya, sai ya jefa shi a kwandon shara.

"An ce kitsen dabba, ba a faɗi wacce ba. Watakila alade ne. Kai baƙo ne, ba ka san halinsu ba tukuna, ni zan riƙa duba maka."

Kuma ya riƙa dubawa. Ni ma na kiyaye dokarsa. In Inna ta aiko mini kilishi ta hannun matafiya, a tashar bas nake tsayawa in ci, ina waige kamar ɓarawo, yatsuna sun ƙage don sanyi. In na dawo sai in wanke baki kafin in gaishe shi. Kaset ɗin muryar Inna da ke zuwa tare da kilishin kuwa, shi nake sa wa a ɗaki in yi ta juyawa har batir ya mutu.

Abin da na lura da shi tun farko, Baba ba ya cin abin kirki. Tun da Kamla ta tafi, abincinsa shayi da sukari, biskit, farar shinkafa, da gurasarsu ta alkama da yake saye a shago. Akwai wata miya da suke yi da ƙananan wake, suna ce mata dal, amma tasa ruwa ce tsululu, kana hango gindin kwano. In na yi magana sai ya yi dariya ya ce ubansa ya haura casa'in bai san ɗanɗanon nama ba, kuma da ƙafarsa ya je gona a ranar da ya mutu. A cikin hirar yakan faɗa cewa uban yana da shanu, yana shan nono safe da yamma, dal ɗin gidansu kuwa cokali tsayawa yake a ciki don kauri. Na ji wannan duka da kunnena, ban ɗauke shi a bakin komai ba.

A sama akwai wani ɗan ɗaki da yake addu'arsa. A nan ya ajiye wani tulun jan ƙarfe an rufe bakinsa da jan ƙyalle, tokar gawar Kamla ce a ciki. A al'adarsu ƙona mamaci ake yi, shi kuma ya yi mata alkawari tana kan gadon mutuwa cewa da hannunsa zai kai tokar wani kogi a Indiya ya zuba. Ranar da ya gaya mini tsigar jikina ta tashi, na kwana uku ina wuce ƙofar da sauri. Daga baya na ga cewa ko ba addinina ba ne, alkawari dai alkawari ne. 'Yarsa Nila, da ke aure a Leicester, ta ce ba za ta yanki tikiti ba sai ranar da ya iya takawa zuwa ƙarshen layi ya dawo ba sanda. Wannan tafiyar ita kaɗai ta rage masa a duniya.

Damina ta biyu, ko in ce sanyi na biyu, shi ya karya shi. Damtsensa ya zama kamar karan dawa, wando yana zamewa daga ƙugunsa, tashi daga kujera sai ya yi yunƙuri uku. Matakalar bene ta gagare shi. Na sauko masa da katifa falo. Da yamma in na dawo daga makaranta sai in tarar da shi zaune a matakin farko, ya ɗaga kai yana kallon ƙofar ɗakin da tulun yake.

Na kai shi wurin likita, wata 'yar Indiya mai faɗa kamar uwar gida. Ta matsa damtsensa, ta tambayi abin da yake ci, ta girgiza kai. Ta ce tsofaffin mutanenta da yawa haka suke zuwa mata: ciki cike da shinkafa da gurasa da shayi, amma tsokar jiki tana narkewa, domin babu abinci mai gina jiki, abin da suke kira furotin. Ta ce tsoho ya fi saurayi bukatarsa, in tsoka ta tafi ƙafa ta tafi, in ƙafa ta tafi kuma sauran kwana ba yawa. Ta rubuta wani abu a takarda ta ba ni, na cusa a aljihun kwat. Ni da na ji "mai gina jiki", ba abin da na gani a idona sai nama rataye a rumfar mahaifina.

A makon nan Baba ya kira ni kicin, ya nuna mini tukunyar nan da ta taho daga Kampala, ta farin ƙarfe mai kaurin gindi, gefenta ɗaya ya ɗan lotsa.

"Kamla ba ta taɓa barin hannun wani ya taɓa ta ba, ko Nila. Yanzu ba na iya tsayuwa. Ka dafa mana, ɗana, zan gaya maka yadda ake yi."

Ya koya mini dal yana zaune a kujera: kurkur, citta, tsamiya, barkono. Na iya. Sai dai cokali uku yake ci ya ture, jiki kuma bai fasa zubewa ba.

Na kai kukana wurin Mamman.

"Malam, wai kai ba ɗan mahauta ba ne? Romo za ka yi masa! Wanda bai sani ba ai ba shi da laifi. Lalura ce, emergency ce. Kana kallo mutum ya mutu saboda ganye?"

Ba zan ɗora wa Mamman laifi ba, abin da ke raina ya faɗa. Har wani lissafi na yi wai na mai hankali: na san saniya suke girmamawa, don haka ba zan taɓa naman shanu ba, kaza kawai, kaza ai ba wani abu ba ce. Kowace Asabar sai in sayi kaza a wurin mahaucin Turkawa, in hau bas, in shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da suke kira tube, in sake hawa jirgi har Catford. A kicin ɗin Mamman nake dafa ta har ta rabu da ƙashi, in daka tsokar ta yi laushi kamar kunu, in tace, in ɗura a fulas, in ratso London da ita a ƙirjina. Kullum ludayi biyu a cikin dal, in ƙara tsamiya da citta su danne ƙamshin. Wanda bai taɓa ɗanɗana abu ba, ta ina zai gane shi?

"Hannunka ya fara faɗawa," in ji Baba, yana siɗe cokali. "Yau ta yi jiki."

Mako bakwai ana haka. Fuskarsa ta ciko, ya daina yunƙuri uku, ya fara zagaya falo. Wata Juma'a na dawo daga masallaci na ji murya daga sama.

"Lawal! Zo ka gani!"

Yana tsaye a ƙarshen matakala, yana haki, yana dariya, hannunsa ɗaya a kan ƙofar ɗakin Kamla. Da na hau ya ɗora tafinsa a kaina ya daɗe bai ɗauke ba. Ya ce in je in gaya wa likitar nan cewa jinin ubansa ne a jikinsa, da dal kaɗai ya tashi. Bayan kwana goma ya taka zuwa ƙarshen layi ya dawo, Nila ta yanki tikiti. Gaskiya ban ji kunya ba a lokacin. Alfahari na ji, ina ganin ni ne na ceci rai.

Ranar wata Lahadi da rana Mamman ya zo duba mara lafiya, da ledar lemo a hannu, kamar yadda muka saba. Na manta ban ja masa kunne ba, ko kuma na ɗauka abin a fili yake. Ya gaishe da Baba, ya kalle shi sama da ƙasa, ya tafa hannu.

"Kai, Baba, ka zama saurayi! Na gaya wa Lawal, romon kazarmu ba ya ƙarya. A kicin ɗina fa ake dafawa, kowace Asabar!"

Da Turanci ya faɗa, tiryan-tiryan, ba inda za a ce an ji ba daidai ba. Baba ya ajiye kofin shayinsa a hankali. Bai kalli Mamman ba, ni ya kalla.

"Kaza?"

Na sunkuyar da kai.

"A tukunyar Kamla?"

"Baba, don ka samu ƙarfi..."

"Tun yaushe?"

"Wata biyu."

Ya tashi ya dafa bango ya fita bayan gida, muna jin yadda yake kakarin amai. Mamman ya zare ido ya ce, "Innalillahi, na yi ɓaranɓarama ko?" Ya sulale ya tafi, ya bar lemonsa a kan tebur. Da Baba ya dawo idonsa ya yi ja, ya zauna nesa da ni.

"Ka tuna biskit ɗin nan?" ya ce. "Da na riƙa zuba maka kitsen alade a ɓoye, ka yi ƙiba, ka yi kyau, za ka gode mini?"

Na ce, "Don ka rayu na yi, Baba."

"Na sani. Shi ya sa na rasa inda zan kai fushina."

Da ya kore ni da ya fi mini sauƙi. Bai kore ni ba. Da safe na ga tukunyar Kamla a waje, a kife kusa da kwandon shara, ruwan sama yana dukan gindinta. Ya daina cin duk abin da hannuna ya taɓa. Ya shiga wani azumin tsarkake kai irin nasu, ruwa da ɗan 'ya'yan itace sau ɗaya a yini. Ya daina hawa bene, ba don ba zai iya ba. Na durƙusa a gabansa na roƙe shi, na ce laifin nawa ne, shi bai sani ba, Allah ba ya kama wanda bai sani ba. Sai ya naɗe hannun riga ya nuna mini damtsensa.

"Wannan tsokar ba tawa ba ce. Ba zan ɗauki Kamla da ita ba. Sai tsokar ta tafi."

Kuma ina kallo ta tafi, ta fi saurin yadda ta zo. Nila ta soke tikiti. A waya ta gaya mini maganganun da har yau ban maimaita wa kowa ba, kuma ba ɗaya da zan ce ƙarya ce.

Akwai wata dattijuwa 'yar Gana a wani dogon bene na gidajen hayar gwamnati kusa da mu, Mma Adiza, tana shara a ofisoshi, ranar Asabar kuma tana sayar da wake da shinkafa a flat ɗinta. Hausarta irin ta zango ce, mace da namiji duk "ya" ne. Na je na zauna na kasa cin abincin, ta matsa mini har na ba ta labari. Ta ajiye ludayi ta riƙe ƙugu.

"Kai ɗan Kano, kanka ba shi aiki ne? Tsoho ya ce ba shi cin nama, to wake ya mutu? Gyaɗa ya ƙare a duniya? Ƙosai fa? Alale fa? Nono ba shi nan a shop? Uwana a Kumasi ya tsufa har ya ga jikan jika, nama sai Sallah, wake ne ya riƙe shi. Ka bar abu a ƙofar gidanka, ka hau tube ka tafi Catford ka ɗauko zunubi!"

Da na koma gida na lalubi aljihun kwat, na ciro takardar likita, ta yi laushi don daɗewa. Ta rubuta dal mai kauri, madara, kindirmo, cukunsu na gida, gyaɗa, wake iri-iri. Babu nama a ciki ko sau ɗaya. Ita ta san wanda take rubuta wa, ni ne ban karanta ba. Na zauna a bakin gado da takardar a hannu, ina jin muryar mahaifina yana yi wa wake dariya. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba nawa idon ba.

Kwana huɗu bayan haka Baba ya faɗi a tsakanin falo da kicin, ƙashin ƙugunsa ya karye. Aka kwantar da shi a asibiti.

Na sayi sabon kasko, sabon mai, sabon fulas. A kicin ɗin Mma Adiza muka surfa wake, muka markaɗa, na soya ƙosai da hannuna, ita ta dama kunun gyaɗa. Na isa lokacin ziyara da la'asar. Nila tana bakin gado, ta kawar da kai. Baba ya zama ɗan mitsitsi a cikin farin zanen gado, ba tabarau, sai da na matso ya gane ni.

"Ɗana," ya ce. Har ranar bai daina kirana haka ba.

Na buɗe kwanon, ƙamshi ya tashi. Na ce masa abincin garinmu ne, talakawa ke ci da safe, zai ƙara masa ƙarfi. Ya ɗauki guda ɗaya, ya juya shi, ya shinshina.

"Me ke ciki?"

"Wake, Baba. Gishiri, barkono, man gyaɗa. Kaskon sabo ne. Wallahi ba komai bayan wannan."

"Na yarda," ya ce. Ya kai shi kusa da leɓe, ya tsaya. Ya daɗe a haka, sannan ya mayar da shi cikin kwano a hankali, ya share yatsunsa a zanen gado. "Na yarda da kai, bakina ne ya ƙi. Ka ga, da can ban taɓa tambayarka me ke ciki ba."

Na fito da kwanon yadda na shiga da shi. A bas ɗin komawa na riƙe shi a cinya har ya huce, ban iya ci ba, ban iya zubarwa ba.

Bai kai bazara ba. Nila ce ta tafi Indiya, da tulu biyu a jakarta. Ranar da zan bar gidan na zagaya baya, tukunyar tana nan a kife inda ya ajiye ta, masu kwasar shara ba su ɗauka ba. Na wanke ta da toka da ruwan zafi sau bakwai, don iyakar tsarkin da na sani ke nan, na sa ta a akwati a tsakiyar tufafina.

Tana kicin ɗinmu a Kano yanzu. Gidan mahauta ne, ba ranar da ba a ɗora nama, ƙannena har tsiya suke mini wai na je London na dawo da tsohuwar tukunya mai lotsattsen gefe. Maiɗakina ta san dokarta, 'ya'yana ma sun sani: wake kaɗai ake dafawa a ciki. In an dafa, ni nake zuba wa baƙo da hannuna, kuma tun bai tambaya ba nake gaya masa duk abin da ke ciki.